Hutun Miji da Mata: Daga Zanziba Zuwa Bakin Gulbin Rima

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Tursa da Gandi da Rara da cikin garin Rabah. Ina gaida na Wurno da Achida da Dinawa. Ban manta da na Goronyo da Shinaka da Rimawa ba. Manomin da ke fadama da rediyo a kafaɗa, sannu da aiki. Uwargida da ke gindin murhu, sannu da ƙoƙari. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Sharhinmu na yau a kan wata magana ce da muke jin nauyin faɗa a bainar jama'a. Maganar hutun miji da mata. Ina nufin mutum ya ɗauki iyalinsa, su biyu kawai, su keɓe a wani wuri na kwana ɗaya ko biyu. Ba biki za su ba, ba jinya za su ba. Hutawa za su yi, su yi hira. Na san tun yanzu wani dattijo ya gyara zama yana cewa, "Wagga magana ta masu kuɗi ta." Baba, ka yi mini haƙuri ka ji ƙarshenta. Abu ɗaya nake so in tabbatar a yau. Miji da mata suna buƙatar lokacin da za su keɓe su huta, kuma samun wannan lokaci ba sai an hau jirgin sama ba.

Bari mu fara da abin da ya tayar da zancen.

Wayar hannu ta shigo mana da duniya har ƙuryar ɗaki. Yarinya tana zaune a Achida, ta buɗe TikTok ko Facebook, sai ga ango da amarya a bakin teku. Wasu suna tsibirin Zanziba na ƙasar Tanzaniya. Wasu suna tsibiran Maldif da ke tekun Indiya. Wasu kuma Dubai suka nufa. Galibi 'ya'yan masu hali ne daga Abuja da Kano da Kaduna, an gama shagalin biki sun tafi cin amarci. Za ka ga farin rairayi shimfiɗe, ga itatuwan kwakwa, ga ruwa garai-garai har kana hangen ƙasansa. Masaukin nasu ɗan ƙaramin gida ne mai rufin ciyawa, irin rufin da mu nan muke gaggawar cirewa mu sa kwano. Amma cikinsa akwai na'urar sanyaya ɗaki, da gado mai farin zane da aka watsa wa furanni. A Maldif har cikin ruwa ake kafa ɗakuna bisa ginshiƙai, mutum ya leƙa ya ga kifi na wucewa ƙarƙashinsa. Da safe a kawo musu karin kumallo har ƙofa. Da yamma a shimfiɗa musu tebur a kan rairayi, su ci abinci suna kallon faɗuwar rana.

Abin da kyau, ba na musu. Wanda Allah ya hore wa, ya samu ta hanyar halal, ya sauke haƙƙin da ke kansa, in ya kai iyalinsa irin wannan wuri ban ga laifinsa ba. Sai dai da dala ake biyan waɗannan ɗakuna. Kuɗin jirgi da na masauki na mako guda na iya cinye abin da manomin albasa ya tara a rani sukutum, har a biyo shi bashi. Hoton kuma ba ya nuna takardar biyan kuɗi. Ba ya nuna gardamar da aka yi kafin a ɗauke shi. Murmushin kawai ake nuna mana.

Ga inda matsalar take. Amarya a ƙauye ta kalli wannan, ta dubi ɗakinta, sai zuciyarta ta sosu. Ango ya kalla, ya shafa aljihunsa, sai ya yanke cewa faranta wa mace rai aikin attajirai ne, shi ba ruwansa. Duka biyun sun yi hasara. Ita ta raina abin da ke hannunta, shi kuma ya samu hujjar naɗe hannu.

To, masu sauraro, mu zo ga wata tambaya. Mene ne ainihin abin da ake sayarwa a waɗancan masaukai?

In ka ajiye teku da furanni a gefe, abin da ya rage ba shi da yawa. Shiru ake sayar musu. Ana sayar musu da yinin da wani ne zai dafa, wani ne zai wanke kwano. Ana sayar musu da ƙofar da babu mai buga ta yana sallama. Shi ke nan. Mutum ya zauna da matarsa, ba yaro mai kuka, ba maƙwabci mai neman aron gatari, ba waya mai ƙara. Wannan shi ne abin da masu kuɗi ke tsallaka teku su saya. Kuma shi ne abin da gidajenmu suka fi rasawa.

Ku dubi yinin mace a Tursa ko a Dinawa. Ta tashi tun kafin kiran assalatu. Ta hura wuta, ta ɗumama tuwo, ta dama kunu. Ga shara, ga wanke-wanke, ga surfe, ga tankaɗe. Ga ruwan da za a jawo, ga itacen da za a faskara. Ta shirya yara zuwa makarantar boko, su dawo ta tura su ta allo. Ta dama furar da za a kai gona. Tana cikin wannan ga goyo a baya, wani lokaci ga ciki a gaba. In tana da 'yar sana'a, ƙuli-ƙuli ko saƙar hula ko kiwon awaki, a cikin wannan yinin za ta tsakuro mata lokaci. Kafin ta kai haƙarƙarinta ƙasa dare ya raba.

Yanzu ku lissafa mini fitar wannan baiwar Allah daga gida. Ta je biki, kuma a gidan biki aiki take yi. Ta je suna. Ta je gaisuwar mutuwa. Ta je awo ko ta kai yaro asibiti. Ta je gidan iyayenta wankan jego. In rai ya ɓaci, ta yi yaji. Cikin waɗannan duka, wacce ce fitar da aka yi domin ta huta? Abin da ke sosa mini rai shi ne, mata da yawa ba sa samun kwana uku na hutawa sai ranar da suka yi yaji. Sai an ɓata sannan jiki ke samun sarari. Wannan bai kamata ba.

Shi ma maigida ba a kwance yake ba. Da damina yana tudu, yana fama da gero da dawa da wake. Ruwa na ɗaukewa ya gangara fadama, ga albasa, ga tafarnuwa, ga shinkafa da alkama. Wanda ba shi da fadama ya ɗaura kayansa ya tafi cin rani, Legas ko Ibadan ko Fatakwal, wata huɗu, wata shida. Ranar da ya dawo gida cike yake da masu sannu da zuwa. Kafin su watse, damina ta tsaya. A gidan gandu kuwa, inda iyaye da ƙanne da matan 'yan'uwa ke tsakar gida ɗaya, ana iya shekara goma da aure miji da mata ba su taɓa zama sun ci abinci a kwano ɗaya ba. Hirarsu ba ta wuce hatsi ya ƙare, yaro ba lafiya, ana bikin wance ranar Juma'a, kuɗin taki bai cika ba.

Manoman rani sun san wani abu da nake so mu ara. Injin ban-ruwa, komai ƙarfinsa, ba a barinsa yana aiki dare da rana. Ana kashe shi ya huce, a duba mai, a share matata. Wanda ya ƙi yin haka, a tsakiyar rani injin zai tsaya masa, lokacin da albasa ta fi buƙatar ruwa. Mun san wannan a kan ƙarfe, amma mun manta da shi a kan aure. Shi ya sa nake maimaitawa. Miji da mata suna buƙatar lokacin da za su keɓe su huta, kuma ba sai an hau jirgin sama ba.

Yanzu kuma bari in juya ga masu cewa wannan ba al'adarmu ba ce.

Na fahimci inda suka dosa. Mu mutane ne masu kunya. Mace ba ta kiran sunan mijinta. Saurayi ba ya zama kusa da amaryarsa a gaban mahaifiyarsa. Namijin da aka ga yana yawan zama a ɗaki, sai majalisa ta sa shi gaba, a ce an shanye shi, a ce mijin-ta-ce ne. Kunya ado ce, ba na so mu rabu da ita. Amma kunyar da za ta hana mutum kyautata wa matarsa ta wuce gona da iri.

Mu koma ga addini, tunda shi ne ma'auninmu. A cikin Suratur Rum, aya ta 21, Allah Maɗaukaki ya ambaci natsuwa da soyayya da jinƙai a matsayin abin da ya sanya tsakanin ma'aurata. Natsuwa aka fara ambata. Ina natsuwa take ga mutanen da ba su da awa ɗaya tasu ta kansu? Malamanmu suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ƙuri'a ta faɗa wa ya tafi da ita. Suna karantar da mu cewa a wata tafiya ya ce wa sahabbai su yi gaba, shi kuma ya tsaya ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Ta tsere masa a karon farko. Bayan wasu shekaru suka sake, shi ya tsere mata. Ku lura da kyau. Shugaban al'umma ne, da nauyin jama'a a kansa, amma ya sallami mutane domin ya yi wasa da iyalinsa. Wane ne a cikinmu ya fi shi aiki? Wane ne ya fi shi kunya?

Shari'a ta kuma ware wa budurwa kwana bakwai, bazawara kwana uku, idan aka kawo ta gidan miji. Al'adarmu ta ɗora a kan haka. A kwanakin amarci amarya ba ta shiga madafa. Daga gidan iyaye ko daga wajen dangin ango ake aiko da abinci. Ango ma ana ɗaga masa ƙafa a wajen aiki. Ashe kakanninmu sun san darajar a bar mutum biyu su saba da juna. Kuskurenmu shi ne sau ɗaya muke yi, a makon farko, daga nan sai a rufe wannan ƙofa har tsufa. Alhali wadda ta haifi shida ta fi amaryar jiya buƙatar hutu.

Ko a tarihin wannan ƙasa tamu akwai abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ce. Masana tarihi sun nuna yadda su biyun suka haɗa hannu wajen adana tarihin Shehu da na Sarkin Musulmi Bello. Da Waziri ya rasu, ta yi masa marsiyya. Malama ce da duniya ta sani, kuma ba ta ɓoye ƙaunar mijinta da zafin rabuwa da shi ba. Saboda haka kada wani ya ce mana shaƙuwar miji da mata baƙon abu ne a ƙasar Sakkwato.

Masu sauraro, mun zo gaɓa ta gaba. In an yarda hutun na da amfani, ina za a je?

Ina so ku buɗe ido ku dubi abin da Allah ya ajiye mana a ƙofar gida. Ga madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima. An kammala gina ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Tsawon bangonta ya haura kilomita 12. Wanda ya taɓa tsayawa a kanta bayan damina ya san abin da nake faɗa. Ruwa ne iya ganinka. Ga masunta cikin kwale-kwale suna jefa birgi. Ga balbela da sauran tsuntsayen ruwa. Ga iska mai sanyi a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. Ga ɗanyen kifi da za a gasa maka nan take. Ka gangaro ta Wurno cikin hunturu, ka ga fadama ta yi kore shar, albasa da tafarnuwa da shinkafa har inda ido ya tsaya, alhali tudu ya bushe ƙurmus. Baƙon da ya zo daga nesa, in ya ga wannan sai ya tsaya ya ɗauki hoto. Mu da muka tashi a ciki mun daina gani.

Ga kuma tarihi. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. A Wurno ɗin nan Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Garin ya daɗe da sanin saukar baƙi. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, kuma ya hau sarautar garin a 1934. Mata nawa ne a Tursa suka taɓa ziyartar hubbaren Bello tare da mazansu? Nawa ne aka taɓa kai su Sakkwato, ba don asibiti ba, a nuna musu hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu? Ba tafiyar yini ba ce. Wanda ya fi ƙarfi kaɗan, ga Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. Wanda ya fi haka ƙarfi, ga Yankari a jihar Bauchi, da giwayenta da ruwan ɗumi na Wikki.

Bari in ɗan koma Maldif, domin akwai darasi a can. Ƙasar Musulmi ce. Da can masunta ne kawai, ba su da komai sai ruwa da rairayi da kwakwa. A 1972 suka buɗe wurin shaƙatawa na farko. Yau baƙi ne ginshiƙin arzikin ƙasar. Shekaru da yawa manyan masaukan suna keɓe a tsibiran da ba kowa, talakan ƙasar ba ya ganin baƙo sai dai in ya je aikatau. Daga baya, wajen 2009, gwamnati ta ba mutanen gari damar buɗe ƙananan gidajen baƙi a tsibiran da suke zaune. Ɗaki biyar, ɗaki goma, iyali ke kula da shi. Ba a sayar da giya a waɗannan garuruwa. Farashi ya sauko, kuɗi ya shiga hannun mai kwale-kwale da mai dafa abinci da mai wanki. Abin lura a nan shi ne, ana iya karɓar baƙi ba tare da an sayar da mutunci ba.

Ko a Arewa ma tunanin ba sabo ba ne. Zamanin Gwamna Audu Bako a Kano, da aka gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, an gina masaukai a bakinsu domin masu zuwa shaƙatawa. Na Bagauda daga baya ya koma makarantar horar da lauyoyi. Gini ba ya wahalar da mu. Kula da shi ne ke gagararmu.

To, a nan dole in tsaya in faɗi abin da ke zuciyar kowa.

Na san wani yana saurarona a sansanin gudun hijira, ko a gidan wani ɗan'uwa a cikin gari, ya baro gonarsa da rumbunsa. Zai ce, "Malam, muna neman inda za mu kwana da rai, kai kana zancen hutu?" Ɗan'uwa, gaskiyarka. Ba mu manta da abin da ya faru a Tabanni ta ƙasar Gandi a 2018 ba. Ba mu manta da ranar Lahadin nan ta watan Oktoba na 2021 ba, da 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutum sama da 40. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu. Ba zan ce wa kowa ya ɗauki matarsa ya bi hanyar da ba ta da aminci ba. Rai ya fi hutu. In hanya ba ta da kyau, a zauna gida.

Amma ina so hukumomi su ji wannan da kyau. Cikin abubuwan da rashin tsaro ya ƙwace mana har da wannan, wanda ba a lissafa shi a rahoto. Ya ƙwace mana hirar dare a ƙofar gida. Ya ƙwace mana zuwa bakin gulbi da yamma. Ya raba miji da mata, shi yana kwana a daji yana gadi, ita tana kwana da takalmi a ƙafa. Ma'auratan da suka ga tashin hankali sun fi kowa buƙatar wurin da za su zauna su numfasa, su yi wa juna ta'aziyya. Ranar da magidanci zai goya matarsa a babur daga Tursa zuwa bakin dam, su yini, su dawo bayan la'asar ba fargaba, a ranar za mu yarda tsaro ya dawo. Kirana ga gwamnatin jiha da ta tarayya, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, shi ne a fara da tsaron hanya. Bayan haka a tanadi masauki mai tsabta na iyali a bakin wannan ruwa, ko a gyara abin da ake da shi, a damƙa shi ga waɗanda za su kula.

Akwai cikas na biyu, shi kuma daga gare mu yake. Sunan otal ya ɓaci a ƙasar Hausa. Da an ce an ga wane da mace a otal, ba mai tambaya ko matarsa ce. Wannan zargi ba haka kawai ya taso ba, wasu masaukan sun jawo wa sauran. Amma sakamakonsa shi ne mutumin kirki yana jin kunyar shiga da halalinsa. A Sakkwato akwai manyan masaukai irin su Giginya da Shukura, akwai ƙanana da yawa. Ina kira ga 'yan kasuwarmu, musamman attajiran albasa da hatsi na wannan yanki, su yi tunanin masaukin ma'aurata. Wuri mai katanga da sirri. Kowane ɗaki da 'yar farfajiyarsa, yadda mace za ta sha iska ba tare da idon maza a kanta ba. A samu masallaci, a samu mata cikin ma'aikata, a tabbatar da shaidar aure cikin mutunci, ba tare da tozarta kowa ba. A dafa abincinmu, tuwon shinkafa da miyar kuka, gasasshen kifi, fura da nono mai sanyi. A sa farashin da malamin firamare zai iya biya. Ina da yaƙinin mai wannan masauki ba zai rasa baƙi ba.

Kafin a kai ga wannan, me za mu yi da abin da ke hannunmu yau? Wannan ita ce gaɓa ta ƙarshe.

Maigida, da kai zan fara. Kada ka ci bashi domin hutu. Kada ka sayar da hatsin gida ko tunkiyar iyali domin a ce kai ma ka yi. Daidai ruwa, daidai tsaki. In ka sayar da albasa ka ware ɗan wani abu, kamar yadda kake ware na taki. In hanya ta yi kyau, ka tambayi direbobi a tasha, ku fita da hantsi, ku isa da rana tsaka, kada ku yi tafiyar dare. Kwana ɗaya a Sakkwato ya isa. Ku yi ziyara, ku zaga kasuwa, ka bar ta ta zaɓi turmin zane da hannunta. In hali bai kai nan ba, ko hanya ta hana, to a yi a gida. A kai yara wajen kakarsu su kwana biyu. Ka ce mata yau ba girki. Ka sayo tsire ko balangu, ka dafa shayi da kanka. Manzon Allah da ya fi mu daraja yakan taya iyalinsa aikin gida, ba abin kunya ba ne. Ka kashe waya. Ka ba majalisa haƙuri na dare ɗaya. Ka tambaye ta abin da ke damunta, sannan ka yi shiru ka saurara.

Mai mata biyu ko uku ko huɗu, ka ji tsoron Allah ka yi adalci. Abin da ka yi wa amarya ka yi wa uwargida, kuma a ganina da uwargida ya kamata a fara, domin ita ta fi daɗewa tana ɗauke da gidan. In ka rikice a kan rabon kwana, malamai suna nan, ka tambaya. Kada abin da aka shirya domin gyara ya koma wutar kishi.

Uwargida da amarya, ku ma ga taku. In ya yi ɗan abin da ya iya, a karɓa da fara'a. Kada a auna shi da abin da aka gani a waya. Kuma abin da ya gudana tsakaninku sirrinku ne. Ba sai an ɗora hoto duniya ta gani ba.

Iyayenmu mata, Inna da Gwaggo da Hajiya, mabuɗin yana hannunku. Ke ce za ki ce wa ɗanki, "Kawo mini yaran nan, ka bar yarinyar nan ta huta." In daga bakinki maganar ta fito, ba mai yi masa dariya, ba mai cewa an shanye shi. Ku tuna wahalar da kuka sha, ku sauƙaƙa wa na bayanku. Malamanmu kuma, ku riƙa kawo wannan babi a wajen wa'azi da huɗubar ɗaurin aure, kamar yadda kuke kawo babin biyayya.

Ban ce hutun kwana biyu zai kawo ƙarshen mutuwar aure ba. Talauci na nan, rashin haƙuri na nan, auren dole na nan. Amma saɓani da yawa da ke kaiwa gaban alƙali ya fara ne daga maganar da ba a samu lokacin yi ba.

Jama'a masu sauraro, a nan zan dasa aya. Miji da mata suna buƙatar lokacin da za su keɓe su huta, kuma ba sai an hau jirgin sama ba. Maigida, kada ka jira kaka, kada ka jira sai ka yi kuɗi. A daren yau, bayan sallar isha'i, ka zauna da iyalinka ku tsayar da rana. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya dawo mana da aminci a Rabah da Wurno da Goronyo da ƙasa baki ɗaya. Sai mun sake haɗuwa a wani sharhin. Ku huta lafiya.